Kwakwar Teku ta Seshel

Tambaya: Malam, ɗana ya nuna mini hoton wata ƙatuwar kwakwa, wai bishiyarta na neman ƙarewa. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Hajiya. Kwakwar teku ce ta ƙasar Seshel da ke tekun Indiya, wadda suke kira coco de mer. Tsibirai biyu kacal ne mahaifarta, Praslin da Curieuse. Duk duniya babu shukar da ƙwallonta ya kai nata girma. Ɗanta guda yakan haura kilo 20, kuma sai ya shekara 6 zuwa 7 a jikin uwa kafin ya nuna. Sannan ɓarawo ya zo ya tsinke shi a dare ɗaya! Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Ga kuma gobarar daji.

Tun 1983 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa kurmin Vallée de Mai, inda bishiyar ke tsirowa a tsibirin Praslin, cikin wuraren gado na duniya. Yanzu ba a sayar da ƙwallon sai da lambar hukuma manne a jikinsa.