Ninka matiriks da lissafin Boole

Ka tambayi yadda ake ninka matiriks biyu (matiriks jadawalin lambobi ne mai layukan kwance da na tsaye) idan lambobin cikinsu 0 da 1 ne kawai. Ɗan'uwa, tsarin da ka saba ne: ɗauki layin kwance na matiriks na farko, ka haɗa shi da layin tsaye na na biyu. Sai dai a lissafin Boole, wato lissafin 0 da 1, a wurin ninkawa ka sa DA (yana ba da 1 ne kawai idan duka biyun 1 ne), a wurin tarawa ka sa KO (yana ba da 1 idan akwai 1 ko guda ɗaya).

Misali, layi (1, 0, 1) da (1, 1, 1): DA zai ba ka 1, 0, 1, KO kuma ya ba ka 1, ba 2 ba. Nan ɗalibai suka fi zamewa.

Amfaninsa? Idan matiriks ɗin yana nuna garuruwan da titi ya haɗa kai tsaye (1 in akwai titi, 0 in babu), ninka shi da kansa zai nuna inda ake isa da zango biyu.