Ɗigon rigakafi da hanjin yaro mai tamowa

Tambaya: Ɗana wata tara gare shi. An ɗiga masa na shan inna da na zawo duka, amma zawo bai bar shi ba, yanzu kuma a likita an ce tamowa ce. Maƙwabta na cewa ɗigo ba ya kama ramammen yaro. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Tahoua.

Amsa: 'Yar'uwa, maganarsu da ƙamshin gaskiya, sai dai sun kai ta inda ba ta kai ba.

Ɗigon baki ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Sai ta hayayyafa cikin hanji kafin jiki ya gane ta ya haɗa mata garkuwa. To, bangon ƙaramin hanji cike yake da 'yan tsirarraki kamar gashin tawul, su ke tsotse abinci. Yaron da ke rarrafe cikin kashin kaji da na awaki, yana shan ruwa marar tsabta, hanjinsa na zama a kumbure ko ba ya zawo. Tsirarrakin su gajarce, bangon ya riƙa yoyo, abinci ya wuce bai amfani jiki ba. Tamowa kuma ta hana hanjin gyaruwa. Ɗigo ya iso ya tarar wasu ƙwayoyi sun riga shi wuri, garkuwa ta shagala da su.

Ana ganin wannan na cikin abin da ya sa rigakafin ƙwayar rota, wato ɗigon zawon nan, ke kare sama da kashi 85 cikin 100 daga zawo mai tsanani a Turai, amma gwajin wani irinsa mai suna Rotasiil da aka yi a Madarounfa ta Nijar, da aka wallafa a 2017, ya tsaya wajen kashi 67. Biyu cikin uku ba abin yarwa ba ne. Kuma rota kaɗai yake tarewa, alhali masu kawo zawo da yawa suke.

Don haka duk zagayen da masu ɗigon shan inna suka zo, ki miƙa shi, ko an yi masa a baya; wanda bai kama ba wancan karon yana iya kamawa yanzu. Ki sa a duba katinsa ko ya samu allurar shan inna ta mako 14, ita ba ta bi ta hanji. Ta ƙyanda ma lokacinta ya yi, tamowa ba ta hana ta.

In zawo ya taso, ruwan gishiri da sukari na leda. Kada ki janye nono. Plumpy'Nut ɗinsa, kwaɓin gyaɗar nan da ake ba masu tamowa, magani ne, ba a raba wa yayyensa. Ki shimfiɗa masa tabarma nesa da kaji.