Amsoshin Tambayoyinku: Faifan Ajiya Ya Ƙi Fitowa Idan 'Yar Kwamfuta Ta Tashi

Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: an jona faifan ajiya na waje a jikin ƙaramar kwamfuta irin su Raspberry Pi, an kunna, ta tashi, faifai ya ce bai san zancen ba. Da yawa daga cikin masu tambayar har sun fara shirin sayen sabon faifai. Ku dakata tukuna.

Wani ɗalibi ya rubuto cewa yana da Raspberry Pi 4 da faifai mai juyawa na inci 2.5, terabait ɗaya. Idan ya kunna, sai faifan ya riƙa ƙara ƙas-ƙas-ƙas, kuma ba ya fitowa. Amma idan ya zare shi ya sake jonawa bayan kwamfutar ta gama tashi, wani lokaci sai ya fito. Cajar wayarsa yake amfani da ita, an rubuta 65W a jikinta. Yana tambaya ko faifan ne ya mutu.

Ɗana, faifanka da ransa, yunwar wuta ce ke damunsa. Wannan ƙarar da kake ji, injin da ke juya farantin ciki ne yake yunƙurin tashi, wutar ta gaza, ya koma, ya sake yunƙurawa. Faifai irin naka yakan ja kusan 1A a daƙiƙun farko kafin ya daidaita, kuma daidai wannan lokacin ne ita ma kwamfutar take jan nata da ƙarfi. Pi 4 kuwa, duk kafofin USB ɗinta huɗu idan aka haɗa, 1.2A kaɗai suke iya bayarwa, shi ma sai in cajar tana ba da cikakkiyar 5V 3A. Shi ya sa yake fitowa in ka jona shi daga baya: lokacin kwamfutar ta lafa, an sami rarar wuta.

Batun 65W ɗin nan kuma, a nan ne mutane suka fi ruɗuwa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wannan lamba ba a 5V caja take ba da ita ba. Sai waya ko laftof ta nemi a ɗaga mata sama da 5V, misali zuwa 20V, sannan ake samunta. Pi ba ta neman haka, 5V kaɗai take sha. Juya cajar ka karanta ƙananan rubutun bayanta, ka nemi layin da ya fara da 5V. In ka ga 2A, magana ta ƙare. In ka ga 3A, saura ka tabbatar rubutun gaskiya ne, don kasuwar caja ta cika da jabu: kwali mai kyau, tambarin babban kamfani, a ɗaga a ji ba nauyi kamar ba komai a ciki. Irin wannan caja tana iya cika waya cikin dare ba wanda ya lura, tunda waya tana da batir da ke rufa mata asiri. Pi ba ta da batir. Da wutar ta sauka ƙasa da 4.63V za ta fara kuka, faifan da ke jikinta kuma ya yanke yana tsakiyar rubutu. Yankewa a tsakiyar rubutu ita ce ke lalata fayiloli, wani lokaci ta tafi da tsarin faifan gaba ɗaya.

Sai kebul. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya kashe kuɗi a kan kwamfuta, ya kashe a kan faifai, ya zuba aikin shekara a ciki, sannan ya ɗauko siririn kebul da ya tsinta a aljihun tebur ya ce shi zai ciyar da su. Siririyar waya mai lamba 28 AWG, in tsawonta ya kai mita ɗaya, zuwa da dawowa tana cinye fiye da 0.8V idan ana jan 2A. Wato ko cajar ta fitar da 5V cif, abin da ke isa kwamfutar bai wuce 4.2V ba. Dalili ke nan cajar da kamfanin Raspberry Pi ke yi take fitar da 5.1V, kuma kebul ɗinta mai kauri ne, manne da ita ba a cirewa. Araha ba ta ado. A harkar nan ma araha tana cin dukiya.

Kada ka ɗauki maganata haka nan, gwada da kanka. Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta vcgencmd get_throttled. In ta amsa da 0x0, wutarka lafiya lau. In ta ce 0x50000, wutar ta taɓa faɗuwa tun da aka kunna. In ta ce 0x50005, yanzu haka ma a faɗe take. Maganin shi ne caja ta gaske mai 5V 3A da gajeren kebul mai kauri. In ƙarar ba ta daina ba, faifan na bukatar na'urar raba USB mai cajarta daban, wadda ake kira hab. Masu Pi 5 su ƙara kula: da caja mai 3A, kafofinta 600mA kaɗai suke bayarwa, sai da cajar 5A ta 27W suke kai 1.6A. Akwai layin usb_max_current_enable=1 da ake sa wa a fayil ɗin saiti mai suna config.txt don cire wannan takunkumi, amma layin ba ya ƙirƙiro wutar da caja ba ta da ita. Wanda ya sa shi a kan caja mai rauni ya cire mai gadi ne kawai.

Wata malama ta rubuto cikin tashin hankali. Ta ƙara layi ɗaya a fayil ɗin fstab, wanda ke faɗa wa kwamfuta faifan da za ta haɗa idan ta tashi, don faifan ya riƙa haɗuwa da kansa. Washegari ta kunna ba faifan a jiki, kwamfutar ta tsaya tana ƙirga daƙiƙu, daga nan sai baƙin allo da rubutu cewa ba za a iya shiga ba. Kundin bincikenta na ciki, ta ce ko barci ba ta yi ba.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba abin da ya ɓace. Kin gaya wa kwamfutar cewa faifan nan dole ne, ita kuma ta ɗauki maganarki da gaske. Ta jira shi daƙiƙa 90, bai zo ba, sai ta ƙi ci gaba. Mafi sauƙi, ki kashe, ki mayar da faifan, ki kunna. Yawanci za ta tashi kamar ba a yi komai ba. In hakan bai yiwu ba, ki zare katin memorin da kwamfutar ke tashi daga cikinsa ki sa shi a wata kwamfuta mai Linux, ki buɗe etc/fstab na cikin katin, ki sa alamar # a farkon layin da kika ƙara. Windows ba ta karanta wannan ɓangare na katin, kuma za ta iya ce miki ki yi masa fomatin. Don Allah kada ki amsa mata da e. Wannan ne kaɗai abin da zai iya jawo asarar da kike tsoro.

In ta tashi, ki gyara layin. Ki rubuta lsblk -f ki kwafi lambar UUID, wato lambar shaida ta faifan, ki yi amfani da ita a maimakon /dev/sda1, domin wannan suna yana canjawa: ranar da aka jona filas tare da faifan, wanda ya riga fitowa shi ke karɓar sda. Layin ya zama kamar haka: UUID=lambarki /mnt/ajiya ext4 defaults,nofail,x-systemd.device-timeout=30 0 2. Kalmar nofail ita ce ke cewa in babu shi a wuce, 30 ɗin kuma tana ba faifai mai nawa damar shiryawa. Kafin ki sake kunnawa ki rubuta sudo mount -a, ki duba ko faifan ya fito a /mnt/ajiya tun kina da damar gyarawa. Kundin nan kuma, yau ɗin nan ki yi masa kwafi a wani wuri daban.

Wani ya tambaya ko babban faifai na inci 3.5 da ya ciro daga tsohuwar kwamfutar tebur zai yi aiki da kebul ɗin USB zuwa SATA (majonin da ke jikin faifan) kaɗai. Ba zai yi ba. Injinsa 12V yake ci, USB kuwa 5V take bayarwa. Ka nemi akwatin faifai mai cajarsa ta 12V, ka kunna shi kafin ka kunna kwamfutar.

Wani malami ya kwafi katinsa zuwa SSD, wato faifai marar juyawa, yana so Pi 4 ta tashi daga can. In ya zare katin, ba ta tashi. In ya bar duka biyun, ba ya gane daga ina ta tashi.

Malam, matsala biyu ce. Ta farko, manhajar tayarwa da ke cikin ita kanta kwamfutar. Pi 4 ta fito a 2019, amma sai a 2020 aka ba ta ikon tashi daga USB, don haka na farko-farko suna bukatar sabuntawa da sudo rpi-eeprom-update -a. Bayan haka ka rubuta rpi-eeprom-config ka dubi layin BOOT_ORDER. Daga dama ake karanta shi zuwa hagu: 1 kati ne, 4 USB, f kuma a sake zagayowa. 0xf41 na nufin kati tukuna sannan USB, 0xf14 kuma akasin haka. A cikin raspi-config ma ana iya canja wannan jeri ba tare da rubuta lamba ba. In faifan mai jinkirin farkawa ne, manhajar tana jiransa daƙiƙa 20, kuma ana iya ƙara lokacin da USB_MSD_DISCOVER_TIMEOUT.

Ta biyu, kwafin da ka yi ya ɗauko har da lambar PARTUUID, wato lambar shaida ta ɓangarorin katin, sai kati da faifai suka zama tagwaye masu suna ɗaya, kwamfutar ta kama wanda ta fara gani. Ka sake kwafin da SD Card Copier, ka zaɓi a ba shi sababbin lambobi, ko kuma ka rubuta sabon tsari kai tsaye a kan SSD da Raspberry Pi Imager, wanda ya fi tsabta. Mai Pi 3B+ ba ya bukatar komai daga cikin saitin tayarwar nan. Mai 3B na asali sai ya kunna wani saiti da ba a iya mayarwa baya. Masu Orange Pi da ire-irenta kuma su sani cewa da yawansu ba sa tashi daga USB kai tsaye: a bar ɓangaren tayarwa a kati, a kai sauran tsarin kan faifai, kamar yadda armbian-install ke yi.

Yanzu ga wadda ta ɓata mini rai. Wani ya sayo SSD a intanet, an rubuta terabait 16, a kuɗin da bai kai na filas mai kyau ba. Wani lokaci ya fito, wani lokaci bai fito ba, bidiyon da ya zuba kuma ba sa buɗuwa. Yana neman saitin da zai gyara.

Haba ɗan'uwa! Wane saiti? Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka ɓalle kwanson abin nan, mai yiwuwa ɗan katin memori za ka tarar an manna da gam a jikin ƙaramin faranti, wani lokaci har da guntun ƙarfe don a ji nauyi. An koya masa ya yi ƙaryar girma. Da ka wuce ainihin abin da yake iya ɗauka, sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho, sunayen fayiloli na nan, cikinsu babu komai. Bidiyon nan sun tafi. Duk wanda ya sayi faifai ko kati, kafin ya zuba masa ko hoto ɗaya, ya gwada shi da f3 a Linux ko H2testw a Windows. Suna cika shi taf su sake karantawa su faɗi girmansa na gaskiya. Gwajin na iya cin sa'o'i, a yi haƙuri a bar shi ya gama, kuma a yi shi tun ana iya mayar da kaya.

Wata mai karatu ta ce SSD ɗinta na ƙwarai ne, cajarta ta kamfani ce, gwajin wuta ya ba ta 0x0. A baƙar kafar USB yana aiki, a shuɗiya mai sauri kuma tashin yakan maƙale ko faifan ya ɓace. Ta tambaya ko kafar ce ta ƙone.

Ƙanwata, kin yi bincikenki yadda ya kamata, kuma kin kusa isa. Abin zargi shi ne ɗan cif ɗin da ke cikin akwatin faifan, mai fassara tsakanin SATA da USB. A shuɗiyar kafa, Linux na magana da shi ta hanya mai sauri da ake kira UAS, wasu cif ɗin kuma ba su iya ta da kyau ba. Na JMicron, irin JMS578, sun yi suna a kan wannan. Ki jona a baƙar kafa, ki rubuta lsusb, ki kwafi lambobi biyun da ke gefen sunan akwatin, misali 152d:0578. Ki buɗe /boot/firmware/cmdline.txt, ki sa usb-storage.quirks=152d:0578:u a farkon layin, ki bar tazara ɗaya bayansa. Fayil ɗin nan layi ɗaya ne tak, kada ki raba shi biyu. Saurin zai ɗan ragu, amma faifan zai zauna. In za ki sayi wani akwati nan gaba, ki tambayi sunan cif ɗin ciki. ASMedia ASM1153E ya fi zama lafiya da Pi. Mai sayarwar da ya kasa faɗa miki, ki wuce shi.

Na ƙarshe ya ce ya sayi hab mai caja, faifai ya fito, amma da ya ba da umarnin sake tashi sai komai ya tsaya cak, sai ya zare wuta daga bango. Hab ɗinka yana mayar da wuta baya cikin kwamfutar ta kebul ɗin USB, abin da na kirki ba ya yi. Gwajin ba wuya: zare cajar Pi, ka bar ta hab a jone. In jar fitilar Pi ta ci gaba da haske, ko da dishi-dishi ne, ka kama shi. Wannan wutar bayan fage tana hana kwamfutar da faifan mutuwa sosai su farfaɗo daga farko, kuma tana shiga ne ta bayan kariyar da aka yi wa farantin kwamfutar. Ka mayar da shi ka karɓo wani, ka yi wa sabon wannan gwajin na fitila kafin ka jona masa faifanka.