Kada a jira sai yaron ya iso Kanada

Ƙanena, saƙonka ya iso. Na yi murna da gurbin karatun da ka samu a nan Mantiriyal, Allah ya sanya albarka. Ka ce kai za ka fara tahowa, iyali su zauna a Birni shekara guda, kuma babban yaronka da ke CE1, wato aji uku na firamare, karatunsa na tangal-tangal, kana tunanin a bar shi sai ya zo nan a gyara.

Don Allah kada a bar shi. Ni na yi wannan kuskuren. Ƴata ta baro Damagaram tana karanta shafi guda tiryan-tiryan, ina ta alfahari da ita. Ran nan na buɗe mata shafin da mushe, wato malaminsu, bai taɓa biya musu ba, sai ta kafa yatsa a kalmar farko, idonta ya cika da ƙwalla. Ashe hadda ce take yi. Ka gwada naka yau da dare, ka ba shi takardar da bai taɓa gani ba, ko kwalin shayi ne.

A nan jihar Kebek, tun dokar harshe ta 1977, yawancin ƴaƴan baƙi makarantar Faransanci suke shiga, kuma akwai ajin tarbar sababbin zuwa. Suna ƙoƙari sosai. Amma yaron da ya zo ya iya haɗa baƙi da wasali yakan fita ajin nan da wuri, wanda bai iya ba kuwa ga sanyi, ga baƙunta, ga kunya.

Shawarata a fara masa da Hausa. Rubutun boko yadda aka rubuta haka ake faɗa: ba, bi, bu, sai baba, sai babur. Faransanci kuwa sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, au, eau, ga haruffan ƙarshe da ba a furtawa. Yaron da ya gane sirrin haɗawa a harshen da yake mafarki da shi, ɗaukar na biyu ba ya ba shi wuya. Kullum bayan magariba mamansa ta shimfiɗa tabarma, allo da alli, minti 15 ya isa. Ya ba ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta rubuta layi uku, ya karanta mata abin da ya fito daga bakinsa. In ya yi tuntuɓe a bar shi ya sake, ban da tsawa, ban da bulala. Tsawar da na yi wa tawa har yau tana damuna.

Littattafan Faransanci kada su dame ka, katin ɗakin karatu na birni kyauta ne ga mazauna. Na Hausa ne ke wuyar samu a nan, ka sa su cikin jaka tun daga gida. Ranar Juma'a ka turo mini muryarsa ta WhatsApp yana karanta layi ukun nan, ina so in ji. Ka gaida Inna.