Amsa kan ruwan ganye ga saniya mai tsohon ciki

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce an tallata maka wani tataccen ruwan ganye a Agege, wai yana kare saniyar tatsa lokacin haihuwa, kana tambaya ko ka saya.

Ni dai kafin kwalba zan duba kwamin abincinta. Sati 3 kafin haihuwa da sati 3 bayanta saniya tana rage ci, ga nono yana jan ƙarfinta, sai jiki ya koma ƙona kitse, hanta ta sha wahala. Irin waɗannan magunguna, na tafarnuwa, citta ko kurkum, iyakarsu su taimaka wa ci da narkewar abinci. Ba sa maye gurbin harawa mai kyau da dusa marar funfuna, kuma ka san danshin Legas, buhun dusa ba ya daɗewa. Tafarnuwa in ta yi yawa har a madara za a ji ta, masu fura su dawo maka da ita.

Abin da ya fi damuna kanwa ce. Mun saba ba shanu, amma gab da haihuwa a rage ta, domin gishirinta yana hana jiki fito da sinadarin kalshiyam daga ƙashi. Shi ya sa wata ke kwantawa cikin kwana 3 da haihuwa, kunnuwa sun yi sanyi, ta kasa tashi. Nan ganye ba ya aiki, likitan dabbobi za ka kira ya yi mata allurar kalshiyam a ranar.

In za ka saya, duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Zogale kuwa, bari sai ta haihu ka haɗa mata da dusa.