Mashin ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta

Tambaya: Salam Malam, daga unguwar Birni nan Damagaram. Mashin biyu gare ni cikin VirtualBox (manhajar da ke tada kwamfuta cikin kwamfuta) suna raba diski ɗaya da OCFS2 (tsarin ajiye fayil da ke barin mashin da yawa su yi aiki da diski guda), jiya aka ɗauke wuta, da na kunna sai ɗaya ta tsaya cak a baƙin allo, wallahi kaina ya ɗaure.

Amsa: Ƙanena kwantar da hankalinka. Galibi /etc/fstab ne (fayil mai jerin diskin da ake ɗorawa in mashin ta tashi), mashin na neman ɗora diskin tun rezo bai tashi ba, shiga da root (asusun mai cikakken iko) ka ƙara _netdev a layin diskin don ta jira rezo. Duba /etc/ocfs2/cluster.conf (fayil mai jerin mashin ɗin da ke raba diskin) kuma, sunan kowace mashin ya dace da hostname ɗinta (sunan da take ɗauke da shi), ƙofar rezo mai lamba 7777 a buɗe, o2cb (shirin da ke haɗa mashin ɗin) na tashi da kansa. Amma don Allah kar ka taɓa fsck (umarnin duba da gyaran diski) alhali ɗayar na riƙe da diskin, nan mutane ke asarar aikinsu.