Fatawa: Ƙanena Yana Shan Kodin da Tramol, Yana Cewa Magani Ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya faɗa shan maganin tari mai kodin da ƙwayar tramol. In an yi masa faɗa sai ya ce shi ba giya yake sha ba, magani ne. Mahaifinmu ya fusata, ya ce zai tsine masa, ya kore shi daga gida. Mene ne hukunci, kuma yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya shiryi ƙanenki, 'yar'uwa, ya sanyaya zuciyar mahaifinku.

Abin da yake yi haramun ne, babu tantama. Shari'a ba suna take kallo ba, abin da abu yake yi wa hankali take kallo. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da yake bugarwa giya ne, kuma duk giya haramun ce. A ruwayar Abu Dawud da Tirmizi daga Jabir kuwa, abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wanda likita ya rubuta wa tramol saboda ciwo, ya sha gwargwadon da aka ƙayyade masa, babu laifi a kansa. Wanda ya shanye kwalba guda don ya ji garau, ya shiga ƙarƙashin aya ta 90 a Suratul Ma'ida wadda ta hana giya, ko da daga kantin magani ya saya.

Ga kuma cutar da jiki. Hanta tana mayar da wani sashe na kodin ya zama mofin, wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi, in ya yi yawa sai numfashi ya dinga raguwa, mutum ya kwanta barci ya wuce. Tramol na jawo farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba.  Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kanku.

Batun tsinuwa ne ya fi tayar mini da hankali. Ki je wurin Baba cikin ladabi ki karanta masa abin da Bukhari ya ruwaito daga Umar: akwai wani sahabi da ake yawan kawo shi ana yi masa bulala saboda giya. Wani ya tsine masa, sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. Bakin uba yana da kaifi, a yi amfani da shi wurin roƙa masa shiriya. In an kore shi, wurin waɗanda suka koya masa zai koma, su kuwa ba za su kore shi ba.

Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Jikin da ya saba da waɗannan ƙwayoyi, in aka yanke masa lokaci guda sai amai, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso, wahalar ta sa ya koma. Likita ne ya san yadda za a janye shi sannu a hankali. Kada ku ɗaure shi da mari, kada ku riƙa ba shi kuɗi a hannu, ku raba shi da abokan nan, ku sama masa abin yi. In ya sake zamewa bayan ya daina, ku mayar da shi wurin likita, ƙofar tuba ba ta rufe masa ba.

Wallahu a'alam.